Mutanen da ke cewa a saki duniya, me ya kai su gina haikalin marmara?

Baban_Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san Indiya ko suka karanci tarihinta. Na ga hotunan wani wurin bauta a jihar Rajastan, Ranakpur sunan wurin, an ce na mabiya addinin Jain ne. Farin dutsen marmara tun daga ƙasa har sama, ba inda aka bari ba sassaƙa. To ni abin da na sani game da mutanen nan gudun duniya ne. Malamansu ba sa mallakar komai, a ƙasa suke tafiya ba takalmi, wasunsu ma ko tufa ba sa sawa. Ta yaya masu cewa a saki duniya suka zama su ne masu gini mai cin kuɗi haka? Abin ya ɗaure min kai.

Dan_Maradi: Wa alaikumus salam. Su ba Hindu ba ne? Irin waɗanda muke gani a finafinai ana kaɗa ƙararrawa?

Dalibi_a_Pune: A'a Malam, addini ne mai zaman kansa, kuma tsoho ne ƙwarai. Suna da manyan jagorori 24 da suke kira Tirtankara. Na farko Adinata, na ƙarshe Mahabira, wanda ya yi zamani da Buda, mai kafa addinin Buda, wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba su yarda da littattafan Beda na Hindu ba, kuma ba su ce akwai mahaliccin da ya yi duniya ba. Ba su da yawa, a ƙidayar 2011 sun ɗan haura miliyan 4 ne, ko kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Indiya ba su kai ba. Amma a kasuwa kam ana jin su. Mai gidan da nake haya ɗansu ne, kuma rana na faɗuwa ba ya ƙara sa komai a baki sai gobe.

Malama_Rabi: Baban Ilham, inda lissafin ya ƙwace maka shi ne ka haɗa mutum biyu ka mai da su ɗaya. Al'ummarsu kashi huɗu ce: masu gudun duniya maza, masu gudun duniya mata, sai magidanta maza da mata. Mai gudun duniya ba ya gini, ba ya riƙe kuɗi, ba a cikin haikalin yake kwana ba ma. Magidanta ne ke gini, kuma yawancinsu 'yan kasuwa ne. Dalilin kasuwancin ma daga addinin ya fito. Babban ginshiƙinsu shi ne kada a cutar da wani mai rai, ko ƙwaro ne. Wanda ke tsoron garmarsa ta kashe tsutsa a gona, kuma ba zai yi fawa ko jima ba, sai ya karkata ga fatauci, ba da rance, sayar da yadi da gwal da duwatsu masu daraja. Dukiya ta taru a hannun mutumin da kullum ana yi masa wa'azi cewa tara abin duniya ɗaurin rai ne. To ina zai kai ta? Sai ya zuba ta a sadaka da gini. Ranakpur ɗin da ka gani wani attajiri ne mai suna Darna Shah ya fara shi a ƙarshen shekarun 1430, zamanin Rana Kumba sarkin Mewar, wanda ya ba shi filin. An kwashe gomman shekaru ana aikin.

Baban_Ilham: Na gode Malama. Amma ai da sai ya raba wa talakawa, ya fi kusa da abin da suke koyarwa.

Injiniya_Bashir: Kafin ku shiga wannan, bari in faɗa muku abin da idona ya gani, don na shiga Ranakpur. Yana cikin wani kwari a duwatsun Arawali, tsakanin Udaipur da Jodpur, daji ne kewaye da shi, ga birai a bakin hanya. A ƙofa za a ce ka cire takalmi, da duk wani abin fata, har bel da jakar kuɗi. Ka hau matakala, ka shiga ta wata ƙofa da ba ta da wani girma, sai kawai ka tsinci kanka cikin ginshiƙai iya ganinka. Guda 1,444 ake ƙirgawa, kuma an ce ba biyu da sassaƙarsu ta zo iri ɗaya. Ni na tsaya na gwada waɗanda ke kusa da ni, ban ga masu kama ba.

Abin da ya fi kama ni a matsayina na mai aikin gini shi ne haske. Sun bar tsakar gida a buɗe a wurare da dama, sun ɗaga wasu tulluwa hawa biyu har uku, don haka rana na shigowa ta sama da gefe, iska na ratsawa. Waje ana zafi, ciki ƙafarka na jin sanyin dutse. Kuma duk yawan ginshiƙan nan ba su tare maka ganin tsakiya ba. A tsakiyar akwai mutum-mutumin Adinata guda huɗu sun juya wa juna baya, kowanne na fuskantar tasa kusurwar, ga ƙofa huɗu.

Akwai kuma wani faifan dutse guda da aka sassaƙa Parshwanata a kai, jagoransu na 23, macizai sun yi masa laima, jelarsu ta sarƙe da juna yadda duk iya bin ka da ido ba za ka gano ƙarshenta ba. Na daɗe a gabansa.

Magini_Kofar_Mata: Injiniya ranka ya daɗe, tulluwar da me suka ɗaure ta? Da baka?

Injiniya_Bashir: Babu baka, Malam. Ginshiƙi ne da dogon dutse a gicciye a kansa. Sai su jera ginshiƙai takwas su ba da siffa mai kusurwa takwas, a kai su ɗora zoben dutse, zobe na biyu ya ɗan leƙo ciki, na uku ya fi shi leƙowa, haka har bakin ya rufe. Nauyin dutsen da yadda aka sassaƙa shi ya shiga ɗan'uwansa su ke riƙe ginin. Daga tsakiya kuma sai wani dutse ya sauko kamar furen bado a kife. Shi ya sa ginshiƙan suke da yawa, don dutse a gicciye ba ya iya tsallake fili mai faɗi. Akwai zuriyar magina a Gujarat da Rajastan da ake kira Sompura, gadon gidansu ne wannan aikin, har yau su ake nema in za a yi sabo ko a gyara tsoho.

Abu_Huzaifa: Jama'a mu ji tsoron Allah. Gidan gumaka ne fa muke ta yabo haka. Shirka ce ƙarara, ko da zinare aka gina ta.

Mai_Kula_da_Zaure: Malam Abu Huzaifa, Allah ya saka da alheri da tunatarwa. Ba wanda ya ce a je a yi bauta, kuma aƙidarmu a fili take. Tarihi da fasahar gini ake tattaunawa. Abin da ba za mu bari ba shi ne zagi, kun san aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. A ci gaba.

Malama_Rabi: Maganar Malam Abu Huzaifa ma ta kawo mu wani wuri mai muhimmanci, don su kansu sun yi wannan rigimar a cikin gida. A ƙarni na 15 wani mutum a Gujarat mai suna Lonka Shah ya tashi ya ce bautar mutum-mutumi ba ta da tushe a tsoffin littattafansu. Daga tafarkinsa aka samu 'yan Stanakwasi, waɗanda har gobe ba su da gunki ko ɗaya, ɗaki ne kawai fayau suke taruwa a ciki. Daga cikin hujjarsu akwai cewa fasa dutse da haƙa ƙasa da tsinke furanni duk kashe ƙananan rayuka ne. Ka ga tambayar Baban Ilham wasu daga cikinsu sun riga shi yin ta da ɗaruruwan shekaru.

Su kuma masu haikalin ga abin da suke cewa. Tirtankara ya riga ya kuɓuta, ya bar duniya kwata-kwata, ba ya jin roƙo, ba ya bayarwa, ba ya hanawa. Mutum-mutumin abin tuni ne, ka kalle shi ka tuna halin da kake son kaiwa. Shi ya sa duk kamarsu ɗaya, ko a zaune an harɗe ƙafa ko a tsaye hannu a sake, fuska ba fushi ba dariya. Da alamar da ke ƙasan kujerar ake bambance su: bijimi na Adinata, zaki na Mahabira, maciji na Parshwanata. Ginin kuma kwaikwayo ne na wani zauren wa'azi da suka yi imani mazauna sama ne ke gina wa kowane Tirtankara in ya sami cikakken sani, ya zauna a tsakiya ana ganinsa ta kusurwa huɗu, mutane da dabbobi na saurare. Fuska huɗun da Injiniya ya gani ke nan. Duk adon a kewaye yake, shi na tsakiya ba ruwansa da shi.

Dalibi_a_Pune: Malama a gafarce ni, ƙarin bayani kaɗan. Wannan a littafi ne. A aikace mutane na roƙo, sai dai ba shi suke roƙa ba. A gefe akwai wasu da suke ɗauka masu tsaronsa ne, irin su Padmawati da Ambika, can ake kai kukan haihuwa da kasuwa da jarrabawa. Sannan batun ado, ya danganta da ɓangare. 'Yan Shwetambara, masu farin kaya, suna sa wa mutum-mutumin idon gilashi mai ƙyalli, ranar biki a sa masa kambi da sarƙa. 'Yan Digambara, waɗanda manyan malamansu maza ba sa sa tufa, su nasu haka suke barinsa, ido a sunkuye.

Malama_Rabi: Haka ne ɗana, Allah ya ƙara sani.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ni jinya ta kai ni Ahmadabad, na raka yayata. Da ta samu sauƙi aka ce mu hau Dutsen Abu mu sha iska, a can na ga haikalin Jain na Dilwara. Wallahi daga waje ba za ka ba shi ko sisi ba, katanga ce kawai da itatuwa. Muna shiga na ɗaga kai, sai na ga silin kamar farin leshi, dutse an rarake shi har wani wurin haske na ratsa shi. An hana ɗaukar hoto, waya ma a waje ake barinta. Na ga wata tsohuwa ta ɗaure bakinta da ƙyalle, ta zuba shinkafa a kan ɗan tebur tana zana wata alama da yatsa, ba ta ko kalle mu ba. Mai yi mana bayani ya ce wai a da ana auna garin dutsen da masassaƙi ya kankare a biya shi da nauyinsa na azurfa ko zinare, don ya ƙara sirantawa.

Malama_Rabi: Hajiya, batun awon gari labari ne da ake bayarwa a wurin. Abin da ke rubuce shi ne haikali biyar ne. Na farko Bimal Shah ya gina a 1031, waziri ne na Sarki Bima na Ɗaya na Gujarat. Na biyun da ya yi suna wasu 'yan'uwa biyu ne, Bastupal da Tejpal, su ma waziran sarki, a 1230. Ku lura, duk masu kuɗi da mulki ne.

Sadiq_Lissafi: To ai nan gizo ke saƙar. Ni ina tare da Baban Ilham. A Dilwara har ɗaki aka ware aka jera giwayen marmara don tunawa da dangin masu ginin, ga sunaye a rubuce a bango. In don lada ne, sunan na mene ne? Kuma na karanta cewa har yau gwanjo suke yi a bainar jama'a, wanda ya fi taya kuɗi shi zai fara yin hidimar ranar biki. Wannan neman suna ne, ko a wane addini aka yi shi.

Dalibi_a_Pune: Gwanjon gaskiya ne, na gani da idona. Amma kuɗin asusun haikalin yake shiga, da shi ake gyara. Ranakpur kansa an daɗe da yin watsi da shi, wata tsohuwar hukumar amintattunsu mai suna Anandji Kalyanji ce ta gyara shi a ƙarni na 20.

Ummu_Sumayya: Yaya Sadiq, zuciya dai Allah kaɗai ya san ta. Kuma batun talakawa da Baban Ilham ya kawo, ba a ce ba sa yi ba. Suna da makarantu da asibitoci da gidajen ajiye tsoffin shanu da dabbobin da suka nakasa. A tsohon birnin Delhi, daura da Jan Ganuwa, akwai haikalinsu na jan dutse, a harabarsa akwai asibitin tsuntsaye sukutum. Haikalin attajiri Hatising da ke Ahmadabad kuwa, wanda aka gama a 1848, lokacin fari aka yi aikinsa, masu sana'a da yawa da shi suka ci abinci. Attajirin ya rasu ba a gama ba, matarsa ce ta ƙarasa.

Dan_Maradi: Asibitin tsuntsaye! Allah mai iko.

Tafiyayye_77: Duk wanda bai ga Palitana ba bai ga komai ba tukuna. Dutse ne mai suna Shatrunjaya a Gujarat, a kansa haikali sun haura 800, manya da ƙanana, an kewaye su rukuni-rukuni da katanga. Matakala ta fi 3,000. Tun asuba ake fara hawa, tsofaffi ana ɗaukarsu a wata kujera da aka rataya a sanda. Ba a cin abinci a sama, kuma ba mai kwana, har masu hidimar sai sun sauko kafin dare. Da damina wata huɗu mahajjatansu ba sa hawa, saboda ƙwari sun yi yawa a hanya kada a taka. Gari guda aka gina ba don kowa ya zauna a ciki ba. Abin da ya ba ni mamaki, a saman dutsen akwai ƙabarin wani Musulmi da ake kira Angar Pir, mata masu neman haihuwa na kai ƙananan gadajen jarirai suna ajiyewa.

Abu_Huzaifa: Wannan ma ba koyarwar Musulunci ba ce. Kuma ba a Palitanan nan aka hana yanka ba? Musulmin garin fa, yaya suke yi da layya?

Tafiyayye_77: Nan ne. A 2014 malamansu suka yi yajin cin abinci har hukuma ta hana yanka da sayar da nama a garin. Musulmin wurin ba kaɗan ba ne, kuma sun nuna rashin yarda, musamman mahauta. A nan kam ni ma ban ga adalci ba. Ka hana kanka, wannan naka ne, amma ka hana maƙwabcinka abincinsa da sana'arsa, wannan wani abu ne daban.

Malama_Rabi: Tsakaninsu da Musulmi tarihi ne mai fuska biyu, kuma gara a faɗe shi duka. Rundunar Sarkin Delhi Alauddin Kalji ta yi wa Dilwara ɓarna a 1311, ta kuma taɓa Shatrunjaya bayan shekara biyu. Masallacin Kuwwatul Islam da ke Delhi akwai rubutu a ƙofarsa cewa da kayan haikali 27 aka gina shi, na Hindu da na Jain, har yau ana ganin sassaƙar a ginshiƙan. A ɗaya ɓangaren, gwamnan Musulmi na Gujarat, Alp Khan, shi ya ba attajiri Samara Shah izinin gyara Shatrunjaya a 1315. Sarki Akbar kuma a shekarun 1580 ya gayyaci babban malaminsu Hirawijaya fada, ya girmama shi, har ya hana yanka a kwanakin azuminsu. Masallatan Gujarat na da, irin Masallacin Juma'a na Ahmadabad na 1424, in ka shiga za ka ga hannun maginan ƙasar ne, ginshiƙai da tulluwa masu zobe irin wanda Injiniya ya kwatanta.

Dr_Hauwa_Bangalore: Kun tsaya a arewa da yamma, kun bar mu 'yan kudu. A nan Karnataka marmara ba ta da yawa, da dutsen falale suke aiki, kuma 'yan Digambara suka fi ƙarfi. A Sharawanabelagola akwai mutum-mutumin Bahubali, tsayinsa ƙafa 57, daga dutse ɗaya aka fitar da shi a ƙwanƙolin tsauni wajen shekarar 981. Wazirin sarakunan Ganga, Chamundaraya, shi ya sa aka yi. Ba rufi a kansa, ba ado. A labarinsu ɗan sarki ne da ya yi karo da yayansa Barata kan mulki, ya yi nasara, sai abin ya fita ransa, ya bar sarautar ya shiga daji ya tsaya cak yana tunani har suri ya tashi a ƙafarsa, ciyawa mai yaɗo ta nannaɗe masa cinya da hannu. Duk an sassaƙa wannan a jikin dutsen. Ina ganin wannan ya fi kusa da gudun duniyar da Baban Ilham ke nema. Sai dai duk shekara 12 akan kafa dandamali a bayansa a yi ta kwarara masa madara da ruwan rake da kurkum da sandal da za'afaran daga ka. An yi a 2018, na gaba 2030.

Sadiq_Lissafi: Kin gani ko, Likita? Mutumin da ya bar sarauta ya tsaya tsirara a daji, shi ake yi wa wanka da madara, kuma tulunan farko ma sayensu ake yi da kuɗi masu yawa. Tambayar tana nan inda take.

Baban_Ilham: Ni dai yanzu na gane cewa mai ginin daban, mai gudun duniyar daban, kuma na fahimci abin da Malama ta ce ginin ke kwaikwaya. Amma har yanzu ina ganin 'yan Stanakwasi sun fi tsayawa kan maganarsu. In ƙwaro ma ba a so a taka, fasa tsauni guda a kwaso dutse fa?

Injiniya_Bashir: Ta fuskar hujja ba zan ja da kai ba. Amma da duk sun bi wannan ra'ayin, da sana'ar nan ta mutu tuntuni. Yanzu haka ana sassaƙa dutse a Indiya a loda a jirgin ruwa a kai wata ƙasa a harhaɗa. Na Antwerp a Beljiyam, wanda dillalan lu'ulu'u suka gina aka buɗe a 2010, haka aka yi shi. A Lesta ta Ingila kuma tsohuwar coci suka saya suka mayar da ita haikali, aka buɗe a 1988.

Dan_Maradi: A Afirka fa, akwai?

Tafiyayye_77: Akwai a Kenya. Na Mombasa tun 1963 yake, fari tas, ba nisa da tsohon gari, akwai kuma a Nairobi. 'Yan kasuwar Gujarat da suka zauna a gaɓar gabas ne suka gina.

Hajiya_Mai_Atamfa: Mai niyyar zuwa Dilwara ko Ranakpur ya sani, da safe nasu ne, baƙi sai daga sha biyun rana ake bari su shiga. A sa kaya masu rufe jiki, kuma kada a shiga da abinci. Mu da guzurin kilishi muka je ƙasar, a masauki muka bar shi.

Magini_Kofar_Mata: Injiniya, in kana da hoton tulluwar nan ta ciki ka turo min ta akwati. Ina son in ga yadda zoben farko ke zama a kan kusurwa takwas ɗin.